Tumatirin gado a lambun gida: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya leƙa hotunan lambun Turawa a waya ya ga wani irin tumatir mai ban mamaki: wani baƙi-baƙi kamar ya ƙone, wani rawaya, wani mai zane-zane, wani kuma ƙato mai ruɗu-ruɗu kamar kabewa. Tun da na fara shuka irinsu a bayan gida, 'yan'uwa da maƙwabta ke yi mini tambayoyi, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne. Ga su nan na tara, da amsar da nake bayarwa.

Me ake nufi da tumatirin gado?

Tsohon iri ne da ya daɗe a hannun mutane, ana cire ƙwayarsa ana ajiyewa, uwa ta ba 'ya, maƙwabci ya ba maƙwabci, kuma duk shekarar da aka shuka shi sai ya fito kamar yadda iyayensa suke. Wannan shi ne babban sharaɗi: iri ya maimaita kansa. Batun shekaru kuwa ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun ce sai ya shekara 50, wasu sun ce sai wanda aka sani tun kafin wajajen 1950, lokacin da irin kamfani na haɗin aure ya fara mamaye kasuwa a Amurka. Big Boy, wanda kamfanin Burpee ya fitar a 1949, yana cikin na farko-farkon da suka karɓu.

Shi kansa tumatir baƙo ne a kusan ko'ina. Asalinsa yammacin Kudancin Amurka ne, wajajen Peru da Ekwado, mutanen Meziko suka mai da shi abin nomawa, Sifaniyawa kuma suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Saboda haka ko wanda Italiyawa ke tinƙaho da shi, gadon 'yan ɗaruruwan shekaru ne kawai.

Ina bambancinsa da irin da ake rubuta wa F1 a jikin gwangwani ko fakiti?

F1 ɗan aure ne. Kamfani yana riƙe da iri biyu daban, ya ɗauki garin furen wannan ya shafa wa furen wancan da hannu, ƙwayar da ta fito ita ake sayar maka. Yawanci yana da ƙarfi, yana zuba 'ya'ya da yawa, girmansu ɗaya, kuma an sa masa juriyar wasu cututtuka. Matsalar tana zuwa ne idan ka cire ƙwayarsa ka shuka baɗi. Za ta tsiro, za ta yi 'ya'ya, amma kowane gindi da kamarsa: wani ya ɗebo kaka ta wajen uwa, wani ta wajen uba, wani ya rasa juriyar da ka saya da tsada. Dole ka koma shago kowace shekara.

Ba ina kushe shi ba ne. Manomin da ke loda kwanduna a mota daga Kano zuwa Legas yana da hujjar neman tumatir mai tauri da zai kwana biyu a hanya bai fashe ba. Amma mai gindi goma a bayan ɗaki, wanda tafiyar tumatirinsa daga reshe zuwa tukunya taku ashirin ce, me zai yi da tauri?

Da gaske ya fi daɗi, ko zuzutawa ce kawai?

Akwai zuzutawa, akwai kuma gaskiya. Na ci tumatirin gado salam, kamar ruwa. Amma masu daɗin cikinsu, idan sun nuna a jikin uwarsu, ba a haɗa su da na kwando.

Akwai dalilin da masana suka gano. Tsofaffin iri da yawa suna da koriyar kafaɗa, wato wajen hancin ya kan tsaya kore-kore ko rawaya alhali sauran jikin ya yi ja. 'Yan kasuwa ba sa son haka, don haka masu kyautata iri suka shafe shekaru da dama suna zaɓar wanda ke nuna bai ɗaya. A 2012 wani bincike da aka buga a mujallar Science ya nuna cewa canjin halittar da ke sa tumatir nuna bai ɗaya, shi ne kuma ke rage masa sukari, domin wannan koren da ake gudu shi ne ke taya ɗan tumatirin haɗa zaƙinsa daga hasken rana. An sayi kyan gani an bayar da ɗanɗano. Sai ka ƙara da cewa na kasuwa ana tsinkarsa ne bai gama nuna ba.

Waɗanne iri ne suka yi suna?

Suna da yawa ƙwarai, amma ga waɗanda za ka fi cin karo da su.

Brandywine shi ne sarkin suna. Ɗan Amurka ne, an san shi tun ƙarshen ƙarni na 19, launinsa ja mai haske, ɗa guda yakan kai rabin kilo. Ganyensa ba irin na tumatir da muka saba ba ne, ya fi kama da na dankalin Turawa. Yana da jinkiri, yakan ci kwana 80 zuwa 100 bayan dashe, kuma ba ya zuba da yawa.

Cherokee Purple launinsa kamar hanta, da koriyar kafaɗa. A 1990 wani mutumin jihar Tennessee ya aika wa Craig LeHoullier, wani mai tara irin tumatir, ƙwayarsa a wasiƙa, ya ce tun asali daga ƙabilar Cherokee aka samo shi. LeHoullier ne ya raɗa masa sunan. Black Krim ma baƙi-baƙi ne, daga yankin Kirimiya.

Mortgage Lifter kuwa labarinsa ya fi shi daɗi. Ma'anar sunan ita ce mai sauke bashin gida. Wani mai gyaran lagireton mota ne a garin Logan na jihar West Virginia, M.C. Byles, wanda ake yi wa laƙabi da Radiator Charlie, ya yi ta haɗa manyan iri yana zaɓe shekara da shekaru har ya samu wanda ya tsaya. Ya riƙa sayar da dashe ɗaya dala ɗaya, cikin shekara shida ya biya bashin gidansa na dala 6,000. Bakanike ne, bai yi karatun aikin gona ba. Ina son wannan labarin domin ya nuna cewa iri ba sai daga ɗakin bincike yake fitowa ba.

Daga Italiya akwai San Marzano, dogo mai tsoka da ƙarancin ruwa, wanda ake nomawa kusa da Napoli a ƙasar da dutsen Vesuvius mai aman wuta ya barbaɗe da toka. Tun 1996 Tarayyar Turai ta kare sunansa, wato ba kowane gwangwani ne ke da ikon cewa na wannan yanki ne ba. Akwai Costoluto Genovese mai ruɗu-ruɗu, da Principe Borghese, ƙarami wanda Italiyawa ke shanyawa, kamar dai yadda muke kauɗa. Faransa tana da Marmande, Ingila tana da Moneymaker. Yellow Pear ƙanana ne rawaya masu siffar ɗan tulu, yara na son su.

Green Zebra mai zane-zanen nan, wanda ya fi kowa fitowa a hoto, ba tsoho ba ne. Tom Wagner ne ya samar da shi, ya fito kasuwa a 1983. Yana maimaita kansa, shi ya sa ake jera shi da na gado.

Za su yi a irin zafinmu?

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi da ɗoki. Furen tumatir ba ya son zafi. Idan rana ta wuce digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, dare kuma bai sauko ƙasa da 22 zuwa 24 ba, garin furen yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Manyan iri irin su Brandywine su suka fi kowa raki a wannan fanni. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, daga Maris zuwa Mayu digiri 40 ba labari ba ne.

Ni ma na taɓa ƙonuwa. Shekarar da na fara, ƙwayar Brandywine ta iso hannuna a makare, na ƙi haƙuri, na yi reno a Janairu na dasa a Fabrairu. Gindi shida suka tashi kore shar, har suka wuce kafaɗata, kowa ya shigo gidan sai ya yaba. Suka yi fure, ina murna. Kullum da safe in na fito sai in tarar da furanni a ƙasa, kowanne ya tsinke daidai gaɓar wuyansa, wurin ya yi rawaya. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, a banza. Abin da na ci a gindi shidan nan duka 'ya'ya uku ne, ɗaya ma tsuntsu ya riga ni. Mahaifiyata ta zo ta zagaya su ta ce, "Kai dai ganye ka noma, ko miyarsa ake yi?"

Zafi yana taɓa launi ma. In ya haura digiri 30 sosai, jan tumatir ba ya fitowa yadda ya kamata, sai ya tsaya ruwan goro.

Saboda haka amsar ita ce: za su yi, amma a cikin hunturu, ba a bazara ba. Mutanen Jos da Mambila suna da sauƙi a kan wannan, sanyinsu ya ba su dama fiye da mu.

To da wanne zan fara?

Da ƙanana da matsakaita. Ƙananan tumatir masu girman goro ko ƙasa da haka, irin su Yellow Pear da Principe Borghese da Matt's Wild Cherry wanda asalinsa daga Meziko ne, suna ɗaura 'ya'ya ko da zafi ya ɗan taso, kuma suna yafe wa sabon shiga kurakuransa. A matsakaita, Arkansas Traveler da Homestead an san su da jure zafi, domin don kudancin Amurka aka samar da su. In miya ce damuwarka, San Marzano. In kana son ɗaya na nuna wa baƙi, ka sa Cherokee Purple gindi biyu, ya fi Brandywine haƙuri.

Kada ka zuba iri goma a shekarar farko. Uku ko huɗu sun isa, ka rubuta sunan kowanne a jikin sandarsa, domin wallahi bayan wata biyu ba za ka tuna wanne ne wanne ba.

Roma da muka saba da shi fa? Mu ba mu da namu na gado?

Roma ba ɗan aure ba ne, yana maimaita kansa. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ce ta fitar da shi a 1955, kuma harufan VF da ake liƙa masa suna nufin yana jure cututtukan yaushi guda biyu da ke zaune a ƙasa. Irin da ake kira UC82B ma yana maimaita kansa, daga Jami'ar Kalifoniya ya fito. Masu tsattsauran ra'ayi ba sa kiran su na gado, amma ga mai son ajiye iri duk ɗaya ne.

Namu kuwa muna da su, ba mu dai rubuta tarihinsu ba ne. Manoman rani suna da irin da suke kira da sunaye kamar Ɗan Zariya da Ɗan Siriya, ana cire ƙwaya ana juyawa shekara da shekaru. Akwai kuma ɗan ƙaramin nan mai tsami da ke fitowa da kansa a bakin juji ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke da damina, ba wanda ya shuka shi, ba wanda ke ba shi magani, amma sai ya yi ta zuba. A ganina wannan ya fi duk wani baƙon iri cancantar a tattala shi, domin ya riga ya ci jarrabawar ƙasar nan. Da tsohuwar zuma ake magani. In kana da tsohuwa a ƙauye mai ƙulla iri a tsumma, ka fara da ita kafin ka fara da intanet.

Yaushe ake reno da dashe?

A arewa, ka yi reno daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, ruwa na ɗaukewa. Bayan mako huɗu zuwa shida, dashen ya yi ganye huɗu ko biyar, ka dasa da yamma. Haka zai sa fure ya faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu. Masu jinkiri su za ka fara renawa. Ka binne karan sosai har kusa da ganyen farko, domin duk inda ƙasa ta rufe zai fitar da saiwa. Tazarar santimita 60 tsakanin gindi da gindi.

Da damina ma ana yi, amma cututtukan ganye sun fi yawa, manyan 'ya'ya kuma suna tsagewa.

Gidan haya nake, ba ni da fili.

Bokitin fenti mai lita 20 ya isa gindi ɗaya. Ki wanke shi sosai, ki huda gindinsa wuri biyar ko shida, ki cika da ƙasa mai kyau haɗe da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu. Buhu ma yana yi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ki ajiye inda zai samu rana aƙalla awa shida, ta safe ta fi. Ƙasar bokiti tana saurin bushewa da iskar hunturu, don haka ki riƙa tura yatsa kina dubawa, ki kuma rufe saman da busasshiyar ciyawa. Babban abokin gabarki a tsakar gida ba tsutsa ba ce, akuya ce da kaji.

Me ya sa nawa yake ta tsawo yana kwanciya?

Halinsa ne. Roma gajere ne, yana tsayawa a wani tsayi ya zuba 'ya'yansa kusan lokaci ɗaya ya gama. Yawancin na gado kuwa ba sa daina tsawo, suna fure suna 'ya'ya a hankali har sai zafi ko cuta ta kashe su, abin da ma ya fi dacewa da mai cefanen kullum. Ka kafa masa gora ko sanda mai tsawon mita biyu tun ranar dashe, ka riƙa ɗaurewa da tsumma sako-sako. 'Yan tohon da ke fitowa a hammatar ganye ka riƙa tsinke su da farce tun suna ƙanana, ka bar kara ɗaya ko biyu. Amma kada ka yi masa aski ƙwal, ganye ne inuwar 'ya'yan, in babu shi rana za ta dafa musu gefe.

Cututtuka fa? An ce ba su da juriya.

Gaskiya ne, kuma wannan shi ne babban aibinsu. Yawancinsu ba a sa musu juriyar da ake sa wa irin kamfani ba.

Abu uku za su fi damunka. Na farko farin ƙuda, ɗan mitsitsin nan da ke tashi in ka girgiza ganye. Shi ke yaɗa cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, gindin ya tsumbure. Wanda ya kamu ba ya warkewa, ka tumɓuke shi ka fitar. Rufe wurin reno da tsohon gidan sauro yana taimakawa ƙwarai, domin kamuwa tun ana ƙarami ita ce mafi muni. Na biyu tsutsar saiwa wadda ido ba ya gani: gindi ya riƙa yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, in ka tumɓuke ka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu. Tana son ƙasa mai yashi. Kada ka maimaita tumatir a wuri ɗaya, kuma kada ka bi shi da gauta ko attaruhu ko tattasai ko dankalin Turawa, duk dangi ɗaya ne. Zafin bazara ma yana da rana a nan: ka jiƙa ƙasar, ka rufe da farar leda mai nuna ciki na mako huɗu zuwa shida, rana za ta rage su.

Na uku ita ce Tuta absoluta, tsutsar da ta tashi hankalin manoma a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta bayyana a Sifaniya a 2006, ta gangaro Afirka. Tana shiga tsakiyar ganye ta cinye tsokar, ta bar wani farin tabo kamar leda. Mai gindi goma yana da damar da mai eka goma ba shi da ita: ka duba kowace safiya, ka tsinke ganyen da ya kamu ka ƙona. Ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma, yana rage su ita da farin ƙudan.

Gindin 'ya'yan yana yin baƙi, wasu kuma suna tsagewa.

Duk biyun yawanci laifin ban-ruwa ne. In ƙasa ta bushe ƙamas sannan ka malala mata ruwa, sinadarin kalsiyam ba ya isa ƙarshen ɗan tumatir, sai wurin ya mutu ya yi baƙi. San Marzano ya fi kowa wannan hali. Tsagewa kuwa, fatar na gado siririya ce, ciki ya kumbura da ruwa farat ɗaya sai ta yage. Ruwa daidai, a kan lokaci, a gindi ba a ganye ba.

Yaya ake cire iri a ajiye?

Zaɓe shi ne rabin aikin. Kada ka duba ɗan tumatir kaɗai, ka duba uwar. Gindin da ya fi lafiya, wanda ya ci gaba da ɗaura 'ya'ya lokacin da 'yan'uwansa suka fara zubar da fure, shi za ka ɗaura wa jan zare tun da wuri, ka gargaɗi mutanen gida kada a tsinka a yi jajjage. In kana yin haka kowace shekara, a hankali irin yana karkata zuwa ga abin da ya dace da gidanka.

Ka bar ɗan ya nuna luguf. Ka yanka shi a tsakiya, ka matse ƙwayar da ruwanta cikin kofi ko kwalba, ka ɗan ƙara ruwa kaɗan, ka rufe da tsumma ka ajiye a inuwa. Kowace ƙwaya tana cikin wani yauƙi da ke hana ta tsira, kuma tsamin da zai yi shi ke narkar da yauƙin, ya kuma rage wasu cututtukan da ke bin iri. A zafinmu kwana biyu ya isa, cikin sanyi uku. Zai yi wari, wata farar fumfuna ta taso a sama, kada ka tsorata. Amma kada ka manta da shi, in ya wuce lokaci ƙwayar za ta fara tsira a cikin ruwan, shi ke nan ta ɓaci. Sai ka ƙara ruwa ka motsa: mai kyau za ta nutse, fanko da datti su taso, ka tsiyaye. Ka maimaita har ruwan ya yi fes, ka juye a rariya.

Ka baza a faranti ko tire, ba a takarda mai laushi ba domin za ta manne. A inuwa mai iska, ba a rana ba. Da hunturu kwana biyar zuwa bakwai ta bushe. Ka zuba a ambulan, ka rubuta suna da shekara, ka sa a kwalba mai murfi, a wuri mafi sanyi a ɗaki. In an kiyaye ta daga zafi da danshi takan kai shekara huɗu ko fiye tana tsira.

Game da gaurayuwa, furen tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka ba kasafai iri ke cakuɗa ba. Amma ƙudan zuma na iya ɗaukar gari daga wannan zuwa wancan, musamman a masu ganyen dankali. Tazarar mita uku zuwa shida tsakanin iri da iri ta wadatar a gida. In wurin ya yi kaɗan, ka rufe reshen fure guda da ƙyallen gidan sauro tun kafin ya buɗe, ka riƙa ɗan girgiza shi da safe, in ya ɗaura ka cire ƙyallen ka yi wa reshen alama.

A ina zan samu ƙwayar?

A ƙasashen waje akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. Wadda ta fi suna ita ce Seed Savers Exchange a jihar Iowa ta Amurka, wadda Kent da Diane Whealy suka kafa a 1975, kuma cikin irin da suka fara da shi akwai tumatirin German Pink da kakan Diane ya ba su, wanda danginsa suka zo da shi daga Jamus. Sai dai shigo da iri Najeriya yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da shigowar tsirrai da dabbobi, kuma ba don wahalar da mutane aka yi dokar ba, ta hanyar iri ne cututtuka da yawa ke tsallaka ƙasashe.

Masu sayarwa a intanet kuwa, a yi hattara. Na taɓa sayen fakitin da aka manna wa hoton baƙin tumatir, na yi wata uku ina jira, ya fito ja zur, dogo, Roma sak. Duk wanda ya nuna maka hoton tumatir shuɗi kamar bula ko mai launin bakan gizo, ka riƙe kuɗinka. Wanda ya fi aminci shi ne mutumin da ka ga gindin a gidansa da idonka.

Suna yin miya kuwa?

Dogaye masu tsoka irin San Marzano suna yin miyar dage-dage mai kauri, ba sai an sha wahalar ƙone ruwa ba, kuma ba su cika tsami ba. Manyan nan masu ruwa, asara ce a kai su markaɗe. A yanka su a kwaɗon zogale ko na rama, ko a kan shinkafa da wake da mai da yaji, ko a ci haka nan da ɗan gishiri. Baƙaƙen suna sa miya ta yi duhu, wanda ba kowane maigida ne zai yarda ba a sa mata wani abu ba.

Kada a sa su a firji in ba an yanka ba, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana kashe ƙamshin. A jera su a tire a inuwa, hancin yana kallon ƙasa, kada a ɗora wani kan wani. Cherokee Purple da ya nuna sosai kwana biyu ko uku kawai yake yi kafin ya saki, don haka wanda aka tsinka yau a ci shi yau ko gobe, ragowar a miƙa wa maƙwabta ta katanga.